Idon maigidana ya koma ruwan ɗorawa: maganin ƙanjamau ne ya taɓa masa hanta?

Maman Khalifa ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina leƙowa ina karanta abin da ake tattaunawa ban taɓa cewa uffan ba, amma yau tura ta kai bango. Shawara na zo nema a kan ciwon shawara.

Ni da maigidana duk muna kan maganin ƙanjamau tun 2021. A wajen awon cikin Khalifa aka gano ni, shi ma ya je aka auna shi, aka ɗora mu a kan ƙwayar nan guda ɗaya ta kullum, TLD. Alhamdu lillahi yaron ya fito lafiya lau. Ni ban taɓa ganin wata illa ba in ban da ƙiba da na yi har zoben aurena ya daina shiga. Shi kuma A daidaita sahu yake ja, tun asuba sai bayan isha'i, kuma ba zan ɓoye muku ba, wani lokacin gajiya kan kwashe shi ya yi barci bai sha ba.

Bayan babbar salla ya fara tari da zufar dare, ya rame har wandunansa suna zamewa. Aka auna kakinsa aka ce tarin TB ne. Nauyinsa kilo 52 a ranar. Suka ba shi manyan jajayen ƙwayoyin nan guda uku kullum da safe kafin ya karya, da wata 'yar ƙarama da suka ce ƙarin maganinmu ce saboda na tarin yana rage wa TLD ƙarfi, da Septrin mai kare jiki daga wasu cututtuka, da wata ta bitamin. TLD ɗin kuma da dare yadda ya saba. Sun gaya mana fitsarinsa zai yi ja-ja kamar ruwan lemo, kada mu tsorata, kuma haka aka yi. Sati uku na farko har tarin ya lafa, ya fara cin tuwo da yawa, na ce to mun tsallake.

A sati na biyar abubuwa suka juya. Ya daina son abinci, ko ƙamshin suya ya ji sai zuciyarsa ta tashi. Sai amai. Fitsarin ya tashi daga ja ya koma kamar baƙin shayin da aka manta a kan wuta. Da dare ya yi ta susa har yana ji wa kansa ciwo, yana kuma cewa ƙasan haƙarƙarinsa na dama ya yi masa nauyi. Duk sanda jikin ya dame shi sai ya aika kemis a sayo Panadol ya watsa biyu, ban ma san adadin da yake sha a wuni ba. Ranar Laraba da safe na kawo masa ruwan alwala a tsakar gida, ya ɗago ya kalle ni cikin hasken rana, na ga farin idonsa ya koma ɗorawa sak. Butar ma kusan sakinta na yi.

Ga inda matsalar take. Hajiya, mahaifiyarsa, ba ta san muna da wannan lalura ba, tarin kawai ta sani. Da ta ji labari ta taso daga ƙauye da jarka cike da jiƙo, ta ce saiwar rawaya ce da wasu sassaƙe, ta hana shi mai da nama, ta sa aka sayo rake. Ta ce maganin asibiti ne ya yi masa ƙarfi ya ƙona masa hanta. Shi ma ya yarda. Yau kwana huɗu ke nan bai sha komai ba, na tarin da TLD duka ya ajiye, jiƙon kawai yake sha kofi safe kofi yamma. Ranar da aka rubuta mana a kati saura kwana goma sha biyu.

Don Allah masu sani, TLD ɗin ne ya yi masa haka bayan shekarun nan? In shi ne, ni ma ina cikin haɗari ke nan? Tun ranar Larabar nan kullum sai na ja fatar idona a madubi. Jiya na riƙe tawa ƙwayar a hannu na fi minti goma kafin na iya haɗiyewa.

Anti Nas ta rubuta:

Wa alaikumus salam. Ƙanwata, bayanai za su biyo baya, amma abu na farko: kada ki jira ranar kati. Yau ɗin nan ku tafi, ko da daren nan ne, ku shiga ɓangaren gaggawa na babban asibiti. Ki zuba duk robobin maganinsa a leda, har kwalin Panadol ɗin, ki ɗebi jiƙon a gora ki tafi da shi. Ki gaya wa likita komai ba ɓoye-ɓoye, har da kwana huɗun da bai sha ba. In Hajiya za ta bi ku, ki ja likitan gefe, an saba da irin wannan.

Panadol da jiƙo su tsaya daga yanzu. In kin ga yana yawan barci da rana, ko yana magana ba kan gado, ko hannunsa na karkarwa, ko dasashinsa na jini, to ko takalmi kada ki tsaya nema. Ke kuma ki ci gaba da shan taki.

Ɗan Zazzau ya rubuta:

Maman Khalifa, sannu, Allah ya ba shi lafiya. Abin da Anti ta faɗa shi ne kan gaba. Ni aikin haɗa magunguna nake yi, na shekara da shekaru ina miƙa wa mutane irin waɗannan robobin ta taga, bari in faɗa miki yadda nake ganin lamarin. Ban ga mara lafiyar ba, jini ne zai yanke hukunci, amma labarin da kika bayar ba baƙo ba ne a wurinmu.

In aka tara waɗanda ake zargi a layi, TLD ne na ƙarshe. Mutum ya shekara uku ko huɗu yana shan abu lafiya, aka ƙara masa sabo, sati biyar ido ya canza, ai ba sai an kira mai duba ba. Jar ƙwayar tarin nan magani huɗu ne aka dunƙule wuri ɗaya: rifampicin, isoniazid, pyrazinamide da ethambutol. Ukun farko duk suna iya taɓa hanta, pyrazinamide ya fi su ƙaurin suna, kuma yawanci a wata biyun farko abin yake fitowa, lokacin da ake shan duka huɗun. Septrin ma yakan yi, ko da yake bai kai su ba. Sannan ga Panadol da ba a ƙirga ba. Mai lafiyar hanta ma ba a so ya wuce ƙwaya takwas ta 500 a wuni, balle wanda hantarsa ta riga ta kumbura kuma ba ya cin abinci. Mutane kuma ba su san yawancin magungunan mura da na ciwon jiki da ake sayarwa a kemis akwai farasitamol, wato sinadarin Panadol, a cikinsu ba, sai ka ga mutum ya ninka bai sani ba.

Game da fitsari, ki raba biyu. Jan farko na rifampicin ne, launin maganin ne kawai yake fita, har hawaye da zufa yakan rina. Baƙin shayin da ya biyo baya tare da ido da ƙaiƙayi, wannan hanta ce take kuka.

Ƙa'idar da ake bi ita ce a auna wani sinadari a jini da ake kira ALT. Na mai lafiya ba ya wuce wajen 40. In ya ninka sau uku kuma mutum yana da alamomi irin su amai da ciwon ciki, ko ya ninka sau biyar ko ba alama, ko ido ya yi ɗorawa, ana dakatar da maganin tarin. To ajiye jar ƙwayar da ya yi ya faɗa daidai, ko da yake ba da sani ya yi ba. Amma ba a barin tarin haka nan. Likita yakan ba da wasu na riƙon ƙwarya waɗanda ba su damu hanta ba, in ta huce a dawo da na asali ɗaya bayan ɗaya ana auna jini.

Ajiye TLD ɗin shi ne ya tayar mini da hankali, kuma ga dalili. Ki tambaye su ko an taɓa yi masa gwajin ciwon hanta nau'in B, a takarda za ki ga an rubuta HBsAg. Binciken ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na manya a Najeriya suna ɗauke da shi, kuma mafi yawansu tun suna yara suka ɗauka, ba su taɓa sani ba. Biyu daga cikin magunguna ukun da ke cikin TLD, wato tenofovir da lamivudine, su ne kuma maganin wannan ƙwayar cutar ta B. Wato mai cuta biyun nan, ƙwaya ɗaya ce take danne masa su duka. Ranar da ya ajiye ta, ta B ɗin takan farfaɗo ta hayayyafa, garkuwar jiki ta taso mata, faɗan kuma a cikin hanta ake yin sa. Ba ya zuwa nan take, yakan ɗauki makonni ko 'yan watanni, shi ya sa mutane ba sa haɗa shi da barin magani. Akwai waɗanda wannan ya kai su kabari. Mai B ɗin kuma shi ne maganin tari ya fi saurin bugewa. Kwana huɗu ba su yi yawa ba tukuna, amma likita ne zai ce a koma yau ko a ɗan jinkirta, ba Hajiya ba, ba ni ba.

Ba ina wanke TLD tas ba ne. Dolutegravir da ke ciki yakan ɗaga ALT ga wasu, musamman masu ciwon hanta na B ko C a watannin farko da fara magani, lokacin da garkuwar jiki take dawowa da ƙarfinta. Amma ba kasafai ba. Tenofovir kuwa ƙoda aka fi sa wa ido a kansa, ba hanta ba. Ke da kika ambaci ƙiba, wannan sananne ne da dolutegravir, musamman ga mata, kuma ƙiba in ta yi yawa kitse kan taru a hanta a hankali. Wannan zancen shekaru ne, zancen rage lemon kwalba da soye-soye da ɗan tattaki, ba abin da zai hana ki haɗiye ƙwayarki yau ba. Ki bar wahalar da fatar idonki a madubi.

Uwar Marayu ta rubuta:

'Yata, ni tun 2006 nake shan magani, shekarar da gwamnati ta mayar da shi kyauta. Kafin nan sai mai kuɗi, ko wanda ya samu shiga shirin da ake biyan naira dubu a wata. Ku 'yan yanzu da kuka tarar da TLD ba ku san an sha wuya ba, bari in ba ki labari ko hankalinki ya kwanta.

Mu da nevirapine muka fara, haɗe da stavudine da lamivudine. Nevirapine shi ne wanda ya jawo wa maganin ƙanjamau sunan cin hanta, kuma ba ƙarya aka yi masa ba. Shi ya sa ba a ba ka cikakke tashi ɗaya: ƙwaya ɗaya a rana har kwana goma sha huɗu, in jiki ya karɓa sannan a koma safe da yamma. Sati shidan farko su ne masu haɗari, ana kuma sa ido har wajen sati goma sha takwas. Abin mamaki, mai ƙarfin garkuwa ya fi bugewa. Mace in CD4 ɗinta, wato awon ƙarfin garkuwa, ya haura 250, namiji in ya haura 400, an ce a guje shi. Akwai wata yarinya da muke zaman layi tare, amarya ce, jikinta mul-mul ba ka ce tana da komai ba. Wata guda da farawa ƙuraje suka feso mata har cikin baki, ga zazzaɓi, ga ido. Ta ɗauka ƙyanda ce ta zauna a gida tana ci gaba da sha. Da aka kawo ta sai da ta yi sati uku a kwance. Ta rayu, aka canza mata magani, yanzu 'yarta ta fari tana jami'a. Stavudine kuma shi ya tsotse mana kumatu, ya sa tafin ƙafa zafi kamar ka taka garwashi, shi ma yana tara wa hanta kitse. Allah ya raka taki gona, an daina ba da shi. Daga baya aka koma efavirenz, mai sa mafarkai barkatai, shi ma an samu waɗanda ya taɓa wa hanta, wasu ma bayan watanni da farawa.

Ni kuma nawa idon ya yi ɗorawa a 2014, kuma labarina daban ne da na mijinki, shi ya sa nake so ki ji. Maganin farko ya daina yi mini aiki, aka mayar da ni layi na biyu mai atazanavir. Sati biyu, ina cikin awon gero a ƙofar gida, maƙwabciyata ta ce, "Yaya, lafiya idonki kamar na mage?" Na shiga ɗaki na duba, gabana ya faɗi, na ce shi ke nan ajali ya zo. Amma ina cin abincina, ba amai, ba kasala, ba ciwon ciki. Na je aka ɗebi jini. Likitan ya ce ALT ɗina lafiya lau, hantar ba abin da ya same ta. Wai maganin ne yake tare hanyar da jiki yake bi ya fitar da wani launi, sai launin ya taru ya fito a ido, amma ba ɓarna yake yi ba. Na shekara biyar da idon nan, wata rana ya yi tsanani wata rana ya washe. Na sha tozali, na sha farin gilashi, na sha "Allah ya sawwaƙe" a gidajen biki. An kawo mini rawaya ta fi a ƙirga, ina karɓa ina godiya ina ajiyewa. Da na biye wa ido na ajiye magani, da yanzu ba ni ke rubuta miki wannan ba.

Na mijinki da amai da ƙin abinci da ƙaiƙayi ba irin nawa ba ne, nasa na gaggawa ne. Ido ɗaya ne, ciwon daban, kuma ba mai rabe su sai jini.

Zancen Hajiya kuwa, kada ki yi musu da ita, uwa ce, tsoro ne ya kawo ta da jarkar nan. Ba kuma sai kin fasa ƙwai ba. Ki ce mata likitan tari ya ce kada a haɗa da komai sai hanta ta huce, kuma gaskiya kika faɗa. Ki bar mata rakenta, ba ya cutarwa in ba shi da ciwon suga, ta ji ita ma tana yin wani abu.

Sarkin Yaƙi ya rubuta:

Allah ya ba shi lafiya. Amma ni fa ina da ja a kan yadda kuke yi wa maganin gargajiya kuɗin goro. Tun kaka da kakanni da rawaya ake maganin shawara a ƙasar Hausa. Ni kaina na yi ta ina ɗan makarantar allo, jiƙo aka ba ni kwana bakwai na miƙe. Yanzu ga shi ku da bakinku kun ce maganin Bature ne ya kumbura masa hanta, amma na Hajiya ake cewa a zubar. Ina adalci a nan?

Ɗan Zazzau ya rubuta:

Malam Sarkin Yaƙi, ban ƙaryata ka ba, na yarda ka sha ka warke. Amma shawarar da yara suke yi yawanci ciwon hanta nau'in A ne, na gurɓataccen ruwa da abinci, kuma shi da kansa yake warkewa ko an sha jiƙo ko ba a sha ba. Jiƙon yakan tarar da sauƙi a hanya ne a yi masa godiya.

Maganin Bature ya yi ɓarna, ƙwarai. Bambancin shi ne na san sunansa, na san miligiram nawa ya sha, na san ranar da ya fara, na san wanda zan cire in bar wani. Jarkar Hajiya fa? Ita kanta ta ce rawaya "da wasu sassaƙe". Waɗanne? Nawa? Kwana nawa suka yi a jiƙe cikin zafin nan? Duk abin da aka haɗiye hanta ce take tace shi, kuma wannan hantar a halin yanzu jaki ne da ya durƙushe da kaya, ba a ƙara masa ko ƙunshin gishiri. Sannan in aka auna jini gobe aka ga ALT yana hawa, likita ba zai san ko maganin tari ne bai gama fita ba ko jiƙon ne.

Na fi ma jin tsoron na roba da ake yawo da su a mota da lasifika, maganin basir, maganin sanyi, na ƙarfin maza, wanda ba ka san me aka zuba ba. Kuma tunda an zo nan: mai ciwon hanta na B ya kiyayi gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna, da ƙuliƙuli ko tunkuzar da ba a san irin gyaɗar da aka yi su da ita ba. Akwai guba a fumfunar nan da in ta haɗu da B take ninka haɗarin dajin hanta. Giya kuwa ba sai an faɗa ba.

Na Maraɗi ya rubuta:

Salamu alaikum. Ni daga Nijar nake, kuma abin da Ɗan Zazzau ya faɗa a kan barin magani a gidanmu ya faru.

Wana, uwa ɗaya uba ɗaya, yana da sida, wato ƙanjamau, kuma saboda kunyar kada a gan shi a layi a garinmu, a Katsina ya yi rajista. Duk wata uku ya bi ta Ɗan Isa da Jibiya kamar ya je sarin kaya, ya karɓo ya dawo. Ni kaɗai na sani a gidan. Da aka yi juyin mulki a watan Yulin 2023 aka rufe iyaka, maganinsa ya ƙare a watan tara. Na ce ya je nan gida ya nuna katinsa, za su ba shi. Ya ce shi da ya shekara shida yana ɓoyewa ba zai tona kansa saboda wata ɗaya ko biyu ba, ai jikinsa garau yake. Kuma garau ɗin yake, har wata biyu. A na uku ido ya canza, ciki ya fara kumbura, ƙafafu suka haye. Sai a gadon asibiti muka ji cewa yana da ciwon hanta na B, kuma maganin da yake sha shi ne ya riƙe masa shi duk shekarun nan. Shi bai taɓa sani ba, ko an gaya masa bai riƙe ba, Allah masani. An mayar da shi kan magani, ya tashi, amma likita ya ce hantar ta riga ta yi tabo, yanzu duk wata shida sai an yi masa hoton ciki. Mutumin da yake ɗaukar buhu shi kaɗai, yau ɗansa ne ke tsaron shagon.

Maman Khalifa, ki matsa a yi gwajin B ɗin nan ko da kuɗinki ne, ke da shi duka.

Maman Khalifa ta rubuta:

'Yan'uwa ku yi haƙuri da shiruna, sati uku ke nan ban samu zama ba. Allah ya saka muku da alheri, Anti Nas musamman, don a daren da kika yi magana muka tafi. Ƙaninsa ne ya kai mu a Keken nasa.

ALT ɗinsa 640 aka samu. Likitar da ta gani ta cire gilashinta ta ce, "Wa ya ce ku zauna a gida?" Na miƙa mata gorar jiƙon, ta buɗe ta sansana ta rufe, ba ta ce komai ba, ta rubuta a fayil. Gwajin B kuma ya nuna yana da shi. Na tambaya me ya sa ba a gano ba tun 2021, aka duba tsohon fayil ɗinsa, wurin a fili yake ba a cike ba. Wata ma'aikaciya ta ce wataƙila lokacin kayan gwajin sun yanke. Wannan ya ƙona mini rai, don da an sani da an riƙa auna masa jini tun satin farko na maganin tari, amma na bar wa Allah.

Kwana tara muka yi a kwance. Washegarin zuwanmu suka mayar da shi kan TLD, likitar ta ce masa ko me zai faru nan gaba, wannan ƙwayar kada ya sake ajiye ta sai da bakinsu. Septrin sun dakatar tukuna. Na tarin sun ba shi wasu na wucin gadi, da jinin ya sauko suka fara dawo da na asali ɗai-ɗai, rifampicin da farko, bayan 'yan kwanaki aka sake awo sannan isoniazid. An sha wuya kafin a samo su a rarrabe, don a dunƙule aka saba kawo su. Pyrazinamide sun ce ba za su mayar ba, saboda haka maganin tarin zai kai wata tara maimakon shida. Ya ɗan yi tsaki da ya ji, na ce kai dai ka gode wa Allah. Awon shekaranjiya 71. Idon bai gama washewa ba amma fitsari ya dawo jan lemonsa, jiya har ya ce a yi masa ɗanwake.

Ni an auna ni ba ni da B, sun ce in yi rigakafi allura uku, na karɓi ta farko. Khalifa na duba katinsa, ya samu ta ranar haihuwa da sauran ukun na sati shida, goma da sha huɗu. Maganin kyauta ne amma gwaje-gwaje da gado sun cinye mana abin da ya haura dubu tamanin, ga Keke a ajiye, sai da na sayar da keken ɗinkina.

Uwar Marayu, na bi maganarki a kan Hajiya. Ta karɓa ba musu, har ita ce take tashinsa shan na safe. Sai dai jiya da za ta koma ta bar mini sabuwar jarka a bayan randa, ta ce in hanta ta huce a ci gaba don a kashe saiwar ciwon. Na zuba wa bishiyar zogalen tsakar gida rabi don ta ga ya ragu in ta dawo ran Juma'a. Ɗan Zazzau, tambaya ɗaya ta rage: an ba ni maganin ƙarin jini a wajen allurar, na ji an ce ba a haɗa shi da TLD lokaci ɗaya, haka ne?

Ɗan Zazzau ya rubuta:

Alhamdu lillahi, 71 labari ne mai daɗi. Haka ne, ƙarfen da ke cikin maganin ƙarin jini yana kama dolutegravir a hanji ya hana shi shiga jiki, haka ma maganin ƙashi mai alli da farin ruwan nan na gyambon ciki. Tunda da dare kike shan TLD, ki mayar da na jinin safe bayan kin karya, tazarar ta wadatar. Ganyen zogalen nan kuma a ɗan ɗaga masa ƙafa kwana biyu kafin a yi kwaɗo.